Shekarar da Kulu Ta Tsallaka Uwani

Wannan babin saboda ke na rubuta shi, Maryam, ko da yake ina so dukkanku ku karanta. Kwanakin baya kin zo gida da ƙawayenki biyu daga jami'ar nan ta Wudil, kowacce riƙe da waya tana naɗar magana, kika gabatar da ni a matsayin malamin da ya tsaya wa 'yarsa kurma har ta yi karatu, a zamanin da ba wanda ya damu da haƙƙin irin waɗannan yara. Na gyara zaman hula, na yi ta gyaɗa kai kamar wani gwarzo, har da cewa a dama musu fura. Da suka tafi na kasa cin tuwo. Labarin da kuka tashi da shi ba haka yake ba. Innarku da za ta ƙaryata ni ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma na ga in na ci gaba da yin shiru, da ƙaryar za a binne ni.

Yayarku Kulu ba da kurumta aka haife ta ba. Har ta shekara bakwai surutunta ne ke tashin gidan, ba ta barin kowa ya kai ƙarshen zance. Sai shekarar da sanƙarau ya shigo ƙauyenmu da ke bayan Utai. Ya ɗauke yara da dama, ita ya bar mana ita, amma ya tafi da kunnenta. Ranar da muka tabbatar, kwano ne ya suɓuce wa Innarku a bayan Kulu, kaji suka watse, ita ko ƙiftawa ba ta yi ba. Maganarta ba ta tafi lokaci ɗaya ba. Ƙarshen kalma ya fara faɗuwa, sannan muryar ta daina hawa da sauka, ta zama doguwa a shimfiɗe kamar ta mai magana daga cikin rijiya. A lokacin ina koyarwa a firamaren garin, ita kuma tana aji biyu. Da ta ji sauƙi na riƙo hannunta muka koma makaranta, sai hedimastanmu, Malam Inuwa, ya kira ni gefe.

"Malam Garba, a yi haƙuri da ƙaddara. Me za ta ɗauka a aji? Ka bar ta a gida ta taya uwarta aiki mana."

"Ranka ya daɗe, nuna mini inda aka rubuta cewa sai mai ji ne zai zauna a benci. In ka nuna mini, yau zan mayar da ita."

Bai nuna mini ba, don babu. Wannan kaɗai shi ne gaskiya a cikin labarin jarumtar da kuka sani, kuma na ci moriyarsa fiye da ƙima.

Dabarar da ta ceci karatunta ma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wata safiya ina tilawa bayan na dawo daga masallaci, tana zaune a jikina, sai ta ɗora tafin hannunta a maƙogwarona. Na ga idonta ya buɗe, ta fashe da dariya. Ashe motsin muryar take ji a hannu. Daga ranar kullum da safe sai ta zo ta ɗora hannu, in furta kalma, ta kalli bakina, sannan ta mayar da hannun wuyanta ta gwada har motsin ya yi daidai da nawa. Da ta kai aji huɗu, wanda ni nake riƙe da shi, na zaunar da ita a bencin gaba tare da Uwani 'yar Malam Tanko masunci, yarinya mai haƙuri da murya a sake. Uwani tana karanta littafi da ƙarfi, Kulu ta riƙe mata wuya da hannun hagu, yatsan dama yana bin layi. A haka ta wuce rabin masu kunne a ajin. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafiya a gari kamar ni na ƙera ta.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne yadda mutane suke ganinta. Kulu ba ta kallon idon mutum, bakinsa take kafa wa ido, ko abinci yake ci. Kafin baƙo ya ɗaga labulen zaure ta riga ta juya, don tana jin takunsa a ƙasa. Ranar Juma'a in muna tsaye a bakin titi sai ta ce "mota," a waiga ba komai, sai can a ji gurnanin babbar motar shanu ta nufo kasuwar Wudil. A wani gidan suna, jariri yana ta tsala kuka, ta matsa a hankali ta ɗora masa hannu a wuya tana murmushi, uwar ta fizge ɗanta ta shige ɗaki. Na ji labari, na yi tsaki na ce jahilci ne. Da na zauna a dandali yini ɗaya na kama hannun dattawa na ɗora a wuyana na ce su ji abin da take ji, da an yi dariya an wuce wurin. Amma ni malamin boko ne, ina ganin ba ni da lokacin yi wa masunta bayani.

Da bazara ta kama, Uwani ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ranar farko Kulu ta share mata wurin zamanta ta ajiye littafi a kai. Rana ta uku, ina gida bayan azahar, irin ranar nan da ko ganye ba ya motsi kuma awaki sun lafe a gindin katanga, sai na ji sallama. Malam Tanko ne da ɗan aiken mai unguwa. Muka gaisa, na tambayi mai jiki. Idonsa ya yi ja, yana ta murza hularsa a hannu.

"Malam, ni ban zo da faɗa ba. Yarinyar nan tun jiya ba ta san wanda ke kanta ba. Magana ɗaya take yi. Cewa take, Kulu saki wuyana, Kulu saki wuyana. Mata sun ji, maza sun ji."

"Malam Tanko, a aji ne take riƙe mata wuya don karatu. Zafin zazzaɓi ne ya dawo mata da abin."

"To, na ji. Ni dai 'yata ke mutuwa. In ba komai, ta zo ta tsallaka ta, me zai ragu a jikinta? In an yi la'asar muna jira."

Ku da kuka tashi a cikin gari wataƙila ba ku san abin da wannan ke nufi ba. A wurinmu in marar lafiya ya ambaci sunan wani cikin magagi, sai a ce maye ne ya kama masa kurwa, kuma maganin shi ne wanda aka ambata ya zo ya tsallaka shi sau uku don ya sake shi. Wanda ya ƙi, an ce ya ƙi saki. Wanda ya yarda, ya amsa da ƙafarsa. Na shiga cikin gida na tarar duk sun ji ta bayan zana. Mahaifiyata, Iya, tana zaune a kan turmi da carbi, Innarku tana tsaye a ƙofar madafa, Kulu kuma tana gindin bishiyar darbejiya tana rubutu a ƙasa da tsinke, ba ta san ana yi ba.

"Garba, ka kai ta," in ji Iya. "In 'yar mutane ta mutu ba ta je ba, wallahi gidan nan za su ƙone da mu a ciki. Na ga an yi, ba labari aka ba ni ba."

"Malam, in ta ɗaga ƙafa a kan yarinyar nan, ka sa hannu ke nan," in ji Innarku. "Maita a nono ake cewa ana sha. Ni ka ba su, da uwata da ke kabari. Kuma ka sani, ba uwar da za ta ƙara barin ɗanta ya zauna benci ɗaya da ita."

"In ban kai ta ba ma hakan ne, Saude. In na kai ta aka ga ba abin da ya canza, bakin kowa ya mutu, ranar Litinin ta koma aji."

Lissafin da na yi ke nan, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Na ɗauka Uwani ba za ta tashi a ranar ba, don haka tsallakawar za ta wanke Kulu. Wato a kan ciwon 'yar wani na jingina kujerar 'yata. Innarku ta dube ni, sannan ta yi abin da ban taɓa jin ta yi ba. Kun san Kulu 'yar fari ce, uwa ba ta kama sunanta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Shekara tara tana ce mata "yarinyar nan." Ranar, a gaban surukarta, ta ɗaga murya ta ce, "Hauwa'u! Hauwa'u, kada ki bi shi!" Iya ta saki carbi. Kulu kuwa ta ci gaba da zanenta a ƙasa, bayanta na gare mu.

Na je na tsuguna a gabanta, na nuna mata da baki da hannu cewa za mu je gaida Uwani. Ta yi tsalle ta ɗauko littafin karatunsu.

Ban taɓa ganin gari ya yi shiru da rana kamar ranar ba. Muna tafe ana leƙe ta saman danga, da mun matso kai ya nutse. Gidan Malam Tanko cike yake da mata har bakin rijiya, amma ba mai tari. Suka dare mana hanya, kowacce ta ja ɗanta ta rufe masa fuska da mayafi. An fito da Uwani tsakar gida an kwantar a tabarma, leɓenta ya bushe ya tsage, idonta a rabin buɗe sai fari. Tarun kamun kifi yana rataye a bango, ƙudaje suna ta bin sa, ƙararsu kaɗai ake ji. Kulu ta dubi bakin wannan ta dubi na wancan tana neman abin karantawa, ba bakin da ke motsi. Sai ta juyo ta dube ni. Na yi mata murmushi. Na nuna mata cewa wasa ne, magani ne na tsofaffi, in ta tsallaka sau uku ƙawarta za ta ji daɗi. Ta miƙa mini littafin, ta tattare zanenta, ta tsallaka. Ta dawo. Ta sake tsallakawa, tana ƙirgawa da muryar nan tata, "ɗaya, biyu, uku," muryar tana dukan bango tana dawowa.

Ƙafarta ba ta gama sauka ba Uwani ta ja dogon numfashi. Gumi ya karyo mata a goshi. Idonta ya juyo daidai, ta dubi sama, ta ce a fili, "Inna, zan sha ruwa."

Gidan ya ɗauki salati. Wata ta faɗi, wata ta ruga waje tana kururuwa. Ni na san malamin asibiti ya yi kwana biyu yana zuwa a kan babur yana yi mata allura, na san zazzaɓi yana da ranar karyewa, ni nake koya wa yara kiwon lafiya. Duk da haka tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Kulu ta yi tafi don murna, ta durƙusa ta miƙa hannu za ta ɗora a wuyan Uwani ta ji muryarta. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunta ba. Na riƙe shi da ƙarfi, na dube ta, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne, wannan yarinyar, anya na san ta? Ita kuwa sana'arta ke nan karanta fuska. Ta daɗe tana kallona, dariyar tana gushewa a hankali.

Daga ranar ba wanda ya ƙara aiko yaro ɗiban wuta a gidanmu. In Innarku ta je rijiya sai matan su ɗauke gugansu su jira ta gama. Wannan duk kun ji shi. Abin da ba ku ji ba shi ne abin da ya faru a cikin ɗakina. Washegari da safe Kulu ta zo kamar kullum ta miƙo hannu, na nuna mata agogo, wai na makara. Rana ta biyu na ce mura nake yi, na naɗe wuyana da rawani, a tsakiyar bazara, gumi yana bin bayana. In tana cin abinci sai in sami kaina ina satar kallonta. In na waiga na ga ta kafa wa bakina ido, sai in rufe shi da hannu. Ina sallah, ina karanta addu'o'in tsari, kuma na san sarai daga wa nake neman tsarin. Innarku ta gani. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin yara.

Ranar Litinin aka buga ƙarfen shiga aji. Sauran azuzuwa suka cika, ana jin su suna rera jadawalin lissafi. Ajina kuwa ba kowa sai Kulu a bencin gaba, da wurin Uwani a share. Na kira rajista suna bayan suna, ba mai amsawa, har na zo kan nata na ɗaga kai, ta ɗaga hannu. Na juya allo na yi ta rubutu, ƙarar alli tana cika ɗakin. Lokaci lokaci sai in ga kawunan yara a taga, da ta juya sai su ɓace. Ta dubi bencuna a jere babu kowa, ta dube ni, ta ce, "Hutu?" Na gyaɗa mata kai. Haka muka yi mako guda cur. Ranar Litinin ta biyu Malam Inuwa ya shigo bayan an tashi, ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji.

"Malam Garba, shekara biyu ke nan ka ce in nuna maka inda aka rubuta, har yau ban samu ba. Yarinyar nan haƙƙinta ne ta zauna a nan, kuma na ga takardunta, ta fi su. Na yi magana da Liman, ya ce wannan abu ba shi da tushe a addini, zai faɗa a masallaci in mun tsaya. Zan rubuta wa ofishin ilimi su turo mutum a tara iyaye. Kai dai ka ce mini ta zauna, ni zan ɗauki zagin."

"Ranka ya daɗe, yaran mutane fa? Karatunsu yana tafiya a banza saboda mutum ɗaya."

"Wannan ni ya dama. Kai uba ne, amsar uba nake jira."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Bai kai ƙofar ofishinsa ba na buɗe rajista, na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunanta. A gurbin dalili na rubuta rashin lafiya. Na gaya wa kowa, har da ku, cewa hedimasta ne ya kore ta ni kuma na yi ta faɗa. Malam Inuwa ya rasu da wannan ƙazafin nawa a kansa, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tona ni ba.

Da safe ta sa kayan makaranta ta rataya jaka ta tsaya a zaure. Na girgiza mata kai, na raɓa ta gefenta na wuce. Da na dawo da azahar tana nan a tsaye inda na bar ta. Ajina ya cika a ranar, har Uwani ta zo, a rame, ta zauna a can baya.

Shekara huɗu Kulu ta yi a gida. A cikinsu ne sauran maganarta ta ƙare, don ba wuyan da za ta riƙe, kuma ta daina miƙa hannu ga kowa. Da aka yi mini canjin wurin aiki muka dawo cikin Wudil, Innarku ce ta ji labarin makarantar kurame a birni daga bakin wata mata a layin asibiti. Ita ta yafa mayafi, ta kira ƙanenta, suka hau mota da yarinyar suka kai ta. Ni ina zaure ina sauraron rediyo. Can ta koyi maganar hannu, ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme su nesa ba kusa ba, ta gama firamare a shekarun da sa'o'inta suke goyon ɗa na biyu. Abin da ta zama yau, da yaran kurame da take tarawa a zaurenta tana koya musu karatu, nata ne da na uwarta. Ba ni da ko ƙwayar gero a ciki.

Wani hutu da ta dawo, ta zama budurwa, ina zaune a tsakar gida ina duba takardun jarrabawa, ta zo ta durƙusa ta ajiye littafinta a kan cinyata, a buɗe a shafin ƙarshe. Ta rubuta da kyakkyawan rubutun nan nata: "Baba, ranar gidan su Uwani, da ka riƙe mini hannu, tsorona ka ji? Na daɗe ina tunani ko idona ne ya gani ba daidai ba." Na karanta sau biyu. Na ɗauki biro na rubuta a ƙasa, "A'a." Ta dubi kalmar, ta dubi fuskata, ta rufe littafin. Ta tashi ta kawo mini ruwan alwala, kuma ba ta ƙara tambaya ba har yau da take da jikoki.

Maryam, kafin kowa ya karanta wannan, ki ɗauki takardun nan ki kai mata gida. Kada ki fassara mata da hannu, ta fi ku duka iya karatu. Ki ba ta, ki fita waje ki jira.

Kulu, ga amsar tambayarki. E, na ji tsoronki. Kina da shekara tara, kina murna ƙawarki ta farfaɗo, ni ubanki na ji tsoronki, kuma saboda tsoron nan na ja layi a kan sunanki, ba don hedimasta ba, ba don mutanen gari ba. In kin yafe mini, Allah Ya saka miki da alheri. In kin kasa, ban ga laifinki ba. Amma ki daina zargin idonki, abin da ya gani a fuskata ranar nan daidai ne.